Gorar da Na Ɗaura wa Tsumma

Fyau! Ƙarar da ta tsayar da ni ke nan a kasuwar Funtua, ranar da babban ɗana ya raka ni sayen maganin feshin wake. Na waiga, sai ga wani mai shago, ɗan mutanen kudu amma haifaffen garin, yana kaɗa sandar fatsa ta zamani a iska, irin wadda ake zuƙewa ta koma kamar muciya. Ɗana ya yi gaba yana ta magana shi kaɗai. Ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ƙarar nan ta mayar da ni bakin rafin ƙauyenmu, can gefen Tsiga, ta kuma tayar mini da wani haushi da na ɗauka ya mutu tuntuni. Ashe kwanciya ya yi.

Bari in faɗa muku tun farko, mu ba masunta ba ne. Auduga da dawa muka gada. Kakana na wajen uba shi kaɗai Allah ya jarabta da son kifi, kuma ba kowane kifi ba. Tarwaɗa, in ji shi, kifin malalata ce: ka sa tana, ka jefa ƙasan ruwa, ka yi gyangyaɗinka. Shi kawara yake bi, wannan siririyar mai walƙiya kamar sabon kwano, wadda ba ta cin abincinta sai a saman ruwa. Fara yake maƙala mata a ƙugiya. Zaren kuwa kakata ce take kaɗa masa siriri, shi kuma ya murje shi da kakin zuma don ya yi iyo, kada ya nutse. In ya wurga, farar za ta sauka a hankali kamar iska ce ta jefo ta. Ruwa ya yi shiru, sai ka ga ya tsage.

Ni ce mai kai masa fura gona, ni ce kuma mai kamo masa fara a cikin ciyawa, har gwiwoyina suka saba da ƙaiƙayi. Maza sun cika gidanmu, amma ba wanda yake iya zama shiru a bakin ruwa. Ni na iya. Da ya ga haka, sai ya fara miƙo mini sandarsa in riƙe. Ta yi mini tsawo, ta yi mini nauyi, in na wurga sai farar ta faɗa ruwa tim, kawara su watse. Ya kan yi dariya har haƙorinsa mai goro ya bayyana, ya ce, “Amarya, ba laifinki ba ne. Takalmin wani kika sa. Sanda hannu ake zaɓar wa.”

Ku da kuke shiga shago ku nuna abu da yatsa a naɗe muku, ba za ku gane wahalar zaɓen sanda a lokacin ba. Akwai wani kurmin gora a inda rafin ya yi kwana, wuri mai sanyi da warin ruɓaɓɓen ganye. Gorar ba ta kowa ba ce, amma akwai ƙa'ida: wanda ya ga wadda ta yi masa, sai ya ɗaura mata tsumma, shi ke nan ta haramta ga kowa. Ba a taɓa jin an sare gorar da ke da tsumman wani ba. Ba kuma a saran ta ɗanya. Sai ta sha damina biyu, sai an cire auduga, ruwan jikinta ya sauka, kana a sa mata wuƙa.

Wuni guda muka yi a kurmin nan. Wannan ya ce gaɓoɓinta sun yi nisa da juna, za ta karye. Waccan ya ce ta yi kauri, sai dai rufin ɗaki. Wata ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara kunne, ya ce ƙwaro ya riga mu. Ya bayyana mini cewa bakin kawara ƙarami ne, mai taushi. Sanda mai tauri yage bakin take yi, kifi ya tafi da ciwo, kai ka tafi da wofi. Mai laushi da yawa kuma ba ta iya kai fara tsakiyar ruwa. Wadda ake nema ita ce wadda kanta zai rusuna, gindinta ya tsaya cak. Sauro ya cinye mini ƙafafu, yunwa ta kama ni, na fara ƙunƙuni, bai ko kalle ni ba.

Can da la'asar ya tanƙwaro wata siririya, ya sa ni na kama ta da hannun dama, ya ce in rufe ido. Ya taɓa kanta da ɗan yatsa, taɓawar da ko ƙuda ba za ta kora ba. Na ji abin har cikin gwiwar hannuna. Na ce, “Na ji!” Ya ce, “To, ita ce.” Da haƙori na yage gefen zanena na ɗaura mata. Na sha duka a gida saboda zanen, ban yi kuka ba.

Daga nan sai jira. Kun san jiran yaro kuwa? Duk sanda na kai fura sai na ratse na duba ta. Damina ta zo, rafi ya cika ya yi ja, tsumma ya koɗe, na sake ɗaura wani a kansa. Rani ya zo, ganye ya zube, tana nan. Wata damina ta sake zagayowa. Aka cire auduga, motoci suka kwashe ta zuwa Funtua, sannan kakana ya wasa wuƙa. Ko da aka sare ta ma ba a gama ba. Ya shafe ta da man gyaɗa, ya riƙa gasa gaɓoɓin a kan garwashi yana miƙar da su a gwiwarsa, gida ya cika da wani ƙamshi kamar na gasasshiyar masara. Ya rataye ta a rufin madafa, da dutse ɗaure a ƙasa, hayaƙi ya dafa ta har ruwa ya sake sauka. Kullum in ina tuƙa tuwo, ina ɗaga kai ina kallon ta tana rinewa, tana komawa kalar zuma.

Abin da ni da kakana ba mu lissafa ba shi ne, gora tana girma, ni ma ina girma.

Ranar da aka sauko da ita, bayan ruwan shuka, fara ta fara fitowa. Kakana yana zaune a tsakar gida yana ɗaura zare, ni ina tsaye kansa kamar zan tashi sama. Sai ga baffana, yayan mahaifina, wanda riƙon gidan ya koma hannunsa tun da ƙarfin tsoho ya ja baya. Ya tambayi ta wace ce. Aka faɗa masa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, “Wannan gandamemiyar? Mace da fatsa, a gidan nan? Sai dai in bayan raina. Me za a ce da mu a masallaci?”

Ban ji tsoro ba, wallahi. Kakana na duba, don na tabbata zai yi magana. Mutumin da ya wuni cikin sauro saboda hannuna, mutumin da ya haifi mai maganar. Ya ci gaba da murza zaren nan a cinyarsa, ya murza, ya murza. Sannan ya miƙa wa baffana sandar, bai ɗago kai ba.

Na daɗe da yafe wa baffana, shi iyakar ganinsa ke nan. Shirun kakana ne na kasa yafewa. Yanzu da na tsufa na san abin da ake nufi da cin tuwon ɗanka, na san yadda bakin tsoho yake yin nauyi. Na sani, amma sanin bai kashe haushin ba. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama, amma da ya yi magana.

Ɗan baffana aka ba sandar. Ko bakin rafi bai kai ta ba. Mangwaro ya je kaɗowa da ita, kan nan mai rusunawa ya maƙale a reshe, ya fizga, ya karye. Guntun da ya rage gwaggona ta ɗauka tana korar kaji daga shanya. Shekara da shekaru ina ganin ta jingine a jikin rumbu, da sauran zaren tsummana a gaɓarta. Kakana bai sake kira na amarya a gaban mutane ba, ni ma ban sake kamo masa fara ba. Haka muka yi ta zama, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa, har ya koma ga Mahaliccinsa.

To, ga ni tsaye a ƙofar shago da furfurata. Mai shago ya ce, “Hajiya, jika za a saya wa?” Na ce, “Jikan wa? Ni zan riƙe.” Ya yi dariya, ɗana da ya dawo nema na ya ce, “Haba Inna, don Allah mu tafi, mutane na kallo.” Na ce su kalla, ba idonsu ba ne? Na sa aka zazzage mini duk sandunan da ke shagon. Na karanta rubutun jikinsu da kaina, don na shiga ajin manya bayan na aurar da 'ya'yana, ba wanda zai karanta mini abu yanzu. Na rufe ido, na ce mai shagon ya taɓa kan kowace. Ban ji komai ba. Taɓarya ce kawai aka yi wa fenti. Shi ma bai ɓoye mini ba, ya ce waɗannan na manyan tarwaɗar dam ne, masu laushin sai an aiko daga waje, kuma ba mai tambayar su. Na gode masa da gaskiyarsa, na fito hannu wofi, ina huci.

Na je ƙauye bayan kwana kaɗan. Kurmin gora babu shi, an share an shuka tumatir. Rafin ma masu tifa sun kwashe yashinsa, ya zama kwazazzabo, sai an yi tafiya mai nisa kafin a tarar da ruwan da kawara za ta zauna. Yara ba su ma san sunanta ba, kifin kwali suka sani. Yau mace tana tuƙa mota, tana koyarwa, ba mai cewa uffan. An buɗe ƙofar, amma sai da aka kwashe kayan ɗakin.

Sai wajen Dayi na samo saiwar gora a garkar wani tsoho. Na dasa ta bayan makewayina, inda ruwan wanka yake bi. Bana ta fitar da 'ya'ya, na zaɓi siririya guda, na rufe ido jikata ta taɓa mini kanta, na ji har gwiwar hannu. Na yage gefen zanena na ɗaura mata. Ɗana ya ce, “Inna, damina biyu fa, a shekarunki?” Na ce in Allah ya kai ni, zan wurga farata ko sau ɗaya ne. Wannan karon dai ba mai cewa na yi girma. Na riga na gama girman, kuma gidan nawa ne.