Takalman da Na Ɓoye a Buhun Shinkafa

Babban ɗana direba ne, ya haura arba'in. Ya yi faɗa da wani bakanike a nan unguwarmu ta Gubaira, ya fasa masa leɓe, askarawa, wato 'yan sanda, suka tafi da shi. Kwana uku ya yi a tsare. Ya ce a ɗakin da aka sa su, kafin mutum ya kwanta sai wani ya miƙe tsaye. Rana ta huɗu aka ce wuri ya cika, masu ƙaramin laifi su kawo wanda zai tsaya musu har ranar zaman shari'a.

Kafilinsa, wato ubangidan da yake zaune a ƙasar nan da sunansa, shi ne ya sa hannu, amma sai da ya zo ƙofata tukun. Ya ce, "Ya Hajja, in ya sake taka garejin bakaniken nan, iƙamarsa ta zama a ƙasa ta tafi, ni ma na shiga uku." Na ce masa ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma maganata ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba.

To ka ji yadda na zama gandiroba da tsufana. Ɗaki biyu, ƙofa ɗaya, gwiwa na ciwo. Na kwashe takalmansa na tura cikin buhun shinkafa. Masu tsaron can inda aka kulle shi suna da canji, ni babu mai karɓa ta. Ko banɗaki na shiga, kunnena yana kan ƙofa.

Ranar Juma'a ya sa farar riga ya ce, "Inna, masallaci fa?"

Masallacin yana jikin garejin. Na ce, "Yi azahar ɗinka a nan."

"Sai ka ce wata mace?"

"Macen ce ke tsare da kai."

Ya buɗe ƙofa ba takalmi. Kwalta tana tafasa, ga silifas ɗina a gabansa. Da a ce ya zura su, wallahi ba ni da ƙafar bin sa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ja ƙofar, ya shimfiɗa darduma. Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Da aka yi sulhu na zaro takalman, sun yi fari da garin shinkafa. Ya karkaɗe ya sa, ya fita aiki. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofar, na rasa ƙarfin tashi.