Ranar da Kwanson Harsashi Ya Faɗa Mini a Mayafi

Ko da zan manta da komai na zamanmu a garin Woodbridge, can ƙasar waje, ranar da na fara riƙe bindiga ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Abin da ya jawo shi ne, a shekarar an fasa motocin maƙwabta a layinmu, ga maigidana aikinsa na yawan tafiye-tafiye ne, ni da yara ake bari a gida. Ya ce gara in koyi harbi. Na yi ta zillewa, har dai wata Asabar ya yi nasarar ja na zuwa gidan koyon harbi, tare da amininsa, wani direba ɗan Damagaram da ke zaune a garin Hyattsville.

Tun daga kan hanya suka fara musu a kan irin bindigar da za a saya mini. Maigidana ya kafe a kan wata 'yar mitsitsiyar fistol.

"Wannan ita ce ta mata," in ji shi. "Ko a jaka ta shige."

Abokin ya girgiza kai. "Hajiya, kar ki biye mishi. Libarba ki nema, bindigar nan mai nauyi. Ɓarawo in ya gan ta, shi da kanshi zai kira 'yan sanda."

Ni da za a saya wa ba wanda ya tambaye ni.

Da muka isa aka haɗa ni da malamar harbi, wata dattijuwar Baturiya mai fara'a. Ta sa mini tabarau da abin toshe kunne, ta ce komai zai faru, bakin bindiga ya tsaya gaba, yatsa kuma kar ya kusanci kunamar bindiga sai an shirya. Ta maimaita har na fara ƙosawa.

Na fara da 'yar ƙaramar ta maigida. Ashe ƙarama ce amma akwai faɗa. Ina dannawa ta yi tsalle a hannuna kamar ɗan akuya, harsashin kuwa Allah kaɗai ya san inda ya nufa. Libarbar ta fi natsuwa, amma kafin in saita ta hannuna ya fara rawa don nauyi. Malamar ta yi murmushi, ta miƙo mini wata matsakaiciya wadda babu wanda ya ambata a mota. Ta zauna mini a tafin hannu daidai. Na harba, sai ga huda a kusa da tsakiyar takardar da aka kafa don a riƙa harbinta.

Daɗi ya kama ni, na sake harbawa. Nan ne fa kwanson harsashin ya yi sama, ya bugi bangon da ke gefena, ya dawo ya faɗa cikin mayafina, ya gangara ya lafe a wuyana. Wanda bai taɓa jin zafin kwanso ba, ya tuna ɗigon mai daga kaskon tuya. Jikina gaba ɗaya ya ce in juya in yi ihu. Bindiga na hannuna da harsashi a ciki, mijina yana tsaye a bayana.

Ban san inda natsuwar ta fito ba. Na cije leɓe, na janye yatsana, na ajiye bindigar a kan teburi bakinta na kallon gaba. Sannan na saki salati, na shiga tsalle ina kakkaɓe mayafi kamar wadda rina ta harba.

Abokin ya yi dariya har da riƙe ciki. Maigida kuwa fuskarsa ta sauya, don ya gane abin da ya kusa faruwa. Ya riƙo hannuna yana cewa, "Sannu, Maman yara, sannu." Malamar ta rungume ni, ta ce ta ga ƙarti da dama da suka juyo da bindiga a kan abin da bai kai wannan ba.

Matsakaiciyar muka saya, da akwatin ƙarfe mai makulli, kuma alhamdulillahi ban taɓa ɗaga ta a kan kowa ba sai takarda. Wuyana ya yi ɗan tabo, ya warke.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, zafi ba ya sallama kafin ya zo, kuma ba a hana mutum ihu. Amma in akwai abin da zai cutar da wani a hannunka, ko a bakinka, fara ajiye shi tukuna.