Jawabin da Na Yi a Shagari Ina Zaune a Bodinga

Shekarar da ƙungiyar malaman Hausa ta shirya taro a Shagari, ni aka zaɓa in yi jawabi a kan yadda tsofaffin littattafanmu suka danne mata. Na yi murna har na kasa ɓoyewa. Na daɗe ina koyar da littattafan nan a Bodinga, ina cike da haushinsu. Mace a cikinsu ko dai kyauta ce da ake ba jarumi in ya dawo yaƙi, ko makira ce da ake kora da bulala. Ta kirki kuwa ita ce wadda har labari ya ƙare ba a ji muryarta ba. Yau ga dama ta samu in faɗi haka da bakina a gaban mutane.

Maigidana, wanda nake kira Malam, shi ma malamin makaranta ne, kuma ɗan zamani ne na gaske. Bai taɓa hana ni fita ba, shawara kawai yake bayarwa. Sai dai shawararsa ta fi kwaɗo riƙe ƙofa.

Da ya karanta jawabin, har kai ya girgiza. "Wallahi an zalunci matan da," in ji shi.

Ranar taro na yi wanka, na sa hijabina na fita kunya. Ya dube ni ya ce, "Hanyag ga ta Shagari, manyan motoci ka bin ta. Kuma ki hau kabu-kabu, ki tsaya gaban maza kina hwaɗin magana? Ban hana ki ba. Amma ba ni takardar, ni ka kai miki saƙonki."

Na yi magiya, na yi fushi, na kawo hujja. Ya saurara da haƙuri irin na mai ilimi, sannan ya ɗauki takardar, ya tada babur ɗinsa. Na wuni a gida ina tsinke zogale.

Bayan la'asar ya dawo baki har kunne. Ya karanta jawabin, an tafa masa, har an ce matarsa ta yi dacen miji. Na ajiye masa tuwo.

Yana ci ya ce, "Wata malama daga Kajiji ta ɗaure ni da tambaya. Tac ce, matan cikin littahwan ga, mi ya sa ba su musu, sai su yi shiru? Nac ce sai na yi nazari. Ke mi kika gani?"

Na gyara zama, na buɗe baki.

Ya ɗaga hannu, da miya a yatsunsa. "A'a, kada ki wahal da kanki. Rubuto min, in kai mata."