Jinin Masu Azumi

Har yau ranar da Malama Rifkatu ta rufe kwamfutarta ba ta fita raina ba. Ni direba ne a ɗakin binciken da take aiki. Ban yi boko ba. Aikina ɗaukar akwatin ƙanƙara mai ɗauke da jini.

Rifkatu ɗalibar digiri na biyu ce, 'yar Numan. Tana bincike kan ciwon ƙoda. Ana ɗibar jinin marasa lafiya da na masu lafiya, a aika wani inji ya auna ƙananan sinadaran ciki, ita kuma ta tace sakamakon a kwamfuta. Burinta ta gano alamar ciwon tun kafin ƙoda ta mutu.

Sakamako ya fito a kwamfuta, ɗigon marasa lafiya ja a gefe, na masu lafiya shuɗi a gefe. Farfesanta ya yi murna. Ita ce ta koma kan aikin ta ga matsalar. Marasa lafiyar mun ɗebi nasu kafin azumi, a Jimeta. Masu lafiyar kuwa a Yola Gari muka same su, cikin azumi, bayan la'asar.

"Bappa," ta ce mini, "ba ciwo na gano ba. Yunwa da ƙishirwa na gano."

Ina bakin ƙofa lokacin da ta faɗa wa Farfesa.

"Wa zai tambaye ki watan da kika ɗebi jinin? Ki rubuta ki gama."

"Ranka ya daɗe, likita zai iya dogara da shi."

"To, ki sake daga farko. Ba za ki fita bana ba."

Jinin farko ya ƙare a inji, dole a ɗebi sabo daga kowa. Bayan salla muka bi gidajen marasa lafiyar. Na farko ya rasu. Na unguwar Vinikilang an mayar da shi ƙauye. A unguwar Gwadabawa matar wani tela da muka ɗebi jininsa ta fito cikin takaba ta gane mu.

"Ɗiyata, jinin da kuka ɗiba, me ya ce?"

Rifkatu ta durƙusa. "Bai ce komai ba, Inna. Kuskure muka yi."

Matar ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma ciki.

'Yan ajinta suka gama, ita ta ƙara shekara. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku tambayi mutum yaushe ya ci abinci kafin ku soka masa allura. Za ku iya sake aiki. Mara lafiya ba ya jiranku.