Baba Kunne da Ƙarar Giya

Shekara talatin da ɗoriya Baba Kunne ya yi yana gyaran mota a gareji ɗaya, kuma ba don girman kunnuwa aka laƙaba masa sunan ba. Mota tana shigowa zai leƙo daga ƙarƙashin wata ya faɗi ciwonta tun mai ita bai buɗe baki ba. Bai yi boko ba. Kunnen nan shi ne jarinsa, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu, da shi asirinsa yake a rufe.

To, kunnen ne ya soma tafiya. Na hagu ya mutu bara, na dama kuma sai ka ce an cusa masa auduga. Ya ɓoye wa kowa. Ya koyi kallon bakin mutane, ya koyi yin dariya in ya ga ana yi. Wanda ya yi masa magana ta baya ya ji shiru sai ya ce tsoho ya fara jin kai, shi kuwa ya gwammace a ce hakan. Don kuwa ɗan maigidansa da ya gaji garejin ya sayo na'urar duba mota, har ya sallami tsofaffi biyu. Kunnen kaɗai ya hana a haɗa da Baba.

Wata safiya wata malamar asibiti ta kawo motarta mai giyar otomatik. Ta ce duk sanda ta taka birki ta sa giya, gaba ko ribas, sai ta ji wani abu ya buga, gwaf. Sabon maigidan ya jona na'urarsa, ya danna nan ya danna can, na'ura ta ce lafiya lau. Sai ya yafito Baba.

"Baba, zo ka saurara mana."

Malama ta sa giya. Baba ya ga fuskokinsu sun yamutse, ya gane an yi ƙarar. Shi bai ji komai ba, wallahi ko kaɗan. Gumi ya karyo masa, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ina za shi da furfurarsa in aka ce ya tafi?

"Sake, 'yata," ya ce.

Ya zaro ma'aunin man giya, man ja ne, a cike, ba ƙaurin ƙuna. Ya kwanta a ƙasa ya girgiza shaf, ƙarfen da ke juya tayoyi, da hannu biyu, ba ya lilo. Ya tashi yana ta addu'a a ransa. Ya ce ta ja birkin hannu, ta danne na ƙafa da kyau, ya buɗe bonet ya dafa tafinsa a jikin motar.

"Sa gaba. To, sa ribas."

Bugun ya hau masa hannu har kafaɗa. Da idonsa ya ga injin ya yi tsalle ya faɗo. Ya sunkuya ya tura sukundireba, sai ga robar da injin ke zaune a kai ta tsage gida biyu, ƙarfe yana dukan ƙarfe. Daɗi ya kusa sa shi hawaye. Yana nan sunkuye ya yi ta zuba bayani, wai giyarta ƙalau take, kada kowa ya ruɗe ta a sauke, kujerar inji ce kawai, aikin awa biyu.

Hannu ya ji a kafaɗarsa. Da ya juyo, gareji duk an tsaya ana kallonsa, malama ta fito daga mota ta sunkuyar da kai. Maigida ya matso daf da fuskarsa, Baba ya karanta maganar a leɓensa.

"Sau biyar ina kiranka, Baba. A bayanka nake tsaye. Tun yaushe?"

Ya so ya ce hankalinsa ne ya tafi kan aiki, amma ƙaryar ta ƙi fitowa. Yaron nan a gabansa aka haife shi.

"Na gano mata, ai," ya ce. "Na'urarka ba ta gano ba."

Maigida ya kau da fuska ya faɗi wani abu. Baba ya leƙa ta gefe don ya ga bakin, bai samu ba. Ya dubi sauran makanikai ko wani zai maimaita masa, kowa ya koma kan aikinsa. Ya ɗauki sifana.

"Bari dai in gama mata wannan tukuna," ya ce.