Alhaji Baɗi

Duk wanda ya zauna a Fagge a wancan zamani ya san shekara alamominta uku ne: saukar damina, ganin watan azumi, da fitowar Kawu Idi tela yana bin gidaje sallama. Da an yi mako biyu da ƙaramar Sallah sai ka ji shi a zaure: "Salamu alaikum! Zan tafi Makka, a yafe mini." Shekara goma sha ɗaya yana wannan tafiya, bai taɓa wuce shingen filin jirgi ba. Shi ya sa kuka raɗa masa Alhaji Baɗi, kuma kun san yana amsawa, har da gyara zaman hula.

Kuɗin kujera kam ba shi da su, bai kuma taɓa roƙon kowa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Wanda Ya kira ni Ya san 'yar shara nake ɗinkawa. Ni nawa shiri ne."

Shi kuwa shirin ba na wasa ba ne. Fasfo yana nan a naɗe cikin ƙyalle, harami a wanke. Matarsa, Inna Ladi, ta daka masa dakuwa ta guzuri, wadda mu muke cinyewa in ya dawo da la'asar. Ita ma ba ta tsira daga sallamar ba. Wata shekara ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Ladi, a yafi juna."

Ta ce, "Na bara na yafe, Malam. Na bana sai ka gyara indararon nan."

Ya hau ya gyara, da kayan tafiyarsa a jiki.

Allurar matafiya kuma duk shekara sai ya sha ta a Sabon Gari, wajen abokinsa Malam Bulus, wani Kirista mutumin Zariya mai aikin asibiti. Ina wurin ranar da Malam Bulus ya duba damtsensa ya ce, "Malam Idi, wannan hannu ya zama rariya. Ina zan soka?"

"Akwai na hagu."

"Kai dai ba ka gajiya da jira?"

"Ji mutum! Kai da kake jiran dawowar Annabi Isa shekara kusan dubu biyu, ni mai sha ɗaya za ka yi wa gori?"

Malam Bulus ya yi dariya har allurar ta faɗi. Da ya tsince ta ya ce, "To, in ka isa ka sa ni a addu'a."

Ni kuwa, ɗan ƙanwarsa, lokacin na fito daga makarantar horon malamai, kaina cike da ilimin da bai riga ya huce ba. Na ga ya kamata in ceci dattijo daga mafarki. Na aro taswirar ajinmu na shimfiɗa a kan kekensa na ɗinki, na nuna masa Kano, na nuna masa Jidda, na yi bayanin sahara da teku kamar ranar da sufeto ya zo. Ya saurara tsaf. Sannan ya ɗora babban yatsa a Kano, ya miƙa na tsakiya, ya ce, "Af! Ashe ko taƙi ɗaya bai kai ba. Allah Ya yi maka albarka, Malam, ka ƙara mini ƙarfi."

Na taɓa raka shi filin jirgin. Ya ajiye akwatin ƙarfensa a jikin shinge ya zauna a kai, ya lumshe ido yana ba ni labarin tattabarun Harami da sanyin dutsen ɗawafi a tafin ƙafa, kamar jiya ya baro su. Jirgi ya tashi, ya bi shi da kallo har ya zama ɗigo, ya kakkaɓe riga ya ce, "Wannan ba nawa ba ne."

A shekara ta sha biyu ya zo mini sallama a makaranta, ina tsakiyar darasi. Ban ko fito ba. Ta taga na ce, "Kawu, na yafe tun bara, sai ka dawo da dakuwa." Ya ce to.

Ranar nan wani attajirin fatu ya iso filin jirgi da tsohuwarsa, ɗan rakiyarsu kuma zazzaɓi ya kayar da shi. Aka shiga neman mai fasfo da shaidar allura a hannu. A duk Kano mutum ɗaya ne, yana zaune a kan akwati.

Kawu ya tafi da su. Akwatin ne ya dawo, shi yana Madina a kwance cikin kabari. Attajirin ya kawo wa Inna Ladi dabino, ya gaya wa Malam Bulus an kira sunansa a Arfa. Ni kuma saƙona na baka ne: "A ce wa mai taswira gaskiyarsa, bai kai taƙi ɗaya ba."

Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya sanyaya masa makwanci. Ya sa ya yafe mini wannan taga.