Shingen Zuma a Gonar Aro

Faɗana na farko da Iliyasu a kan ɗoɗɗoya munka yi shi. Na tarad da ita ta yi kore shar a bakin gonar da yake nomawa a fadamar Wurno, ga sure, ga riɗi, sai nis sa hannu ina tsinkar kawunan, kamar yadda tsofaffi ke yi a bakin kowace gona tun ba a haifi ubanshi ba. Sai ga shi yana haki.

"Inna, ki yi wa Allah ki bar kan, shi ka yin hure. Na ƙudan zuma ne."

"Ka hana tsohuwa ka ba ƙuda?" nic ce mashi. "To su yi maka addu'a in ka kwanta ciwo."

Washegari yak kawo mani ganyenta na ƙasa-ƙasa cike da hula.

Iliyasu ba manomi ba ne. Tela ne a Achida, har idanunshi sunka fara hazo, zare yad daina shiga mashi allura. Ga mata, ga ɗiya huɗu. Bappanshi Ƙasimu yaj ji tausai, yab ba shi aron wani yanki kusa da gulbi, yac ce ya ci abinci. Wannan yankin shi kaɗai gare shi a duniya.

Shekarar farko yas shuka kankana. Ta yi yaɗo, ta yi hure, amma 'ya'yan da sun kai ƙwan zabo sai su yi rawaya su zube. Wani mai ɗaura amyar zuma daga Maikujera yad duba, yac ce ba ciwo ba ne, zuma ce babu, feshin magani ya kore ta, kuma an share duk wani haki mai hure da za ta sauka a kai. Yac ce ya kewaye gonar da abin da ke hure ba ya neman reno.

Iliyasu yak kama aikin kamar mai ɗinkin Sallah. Yaj ja igiya, yana awo da taki. Ruwa yai ta zuba wa riɗi har yar ruɓe, yas sake shukawa. Awaki sunka cinye suren, yak kare da ƙaya. Da yag gaji da shuka abu duk shekara, sai yat tuno da wanda in an dasa an gama. Yas samo sandunan lalle da na zogale, yaj jera su a kan iyaka, tsaf kamar kalmasar riga.

Da nig gan su sun tsiro, sai nit tare shi a bakin gonar.

"Kai tela, wa yab ba ka izinin icce?"

"Inna, zogale ne fa."

"Ko tsinken sakace ne, in dai yana saiwa ya shekara. Gonar aro hatsi aka sa mata, abin da za a girbe a tashi. Mai dasa icce cewa yake nan tawa ce."

Yay yi dariya. "Bappana ne. Mi zai kawo wannan magana tsakaninmu?"

Nic ce ya tai ya gaya mashi da bakinshi tun yau. Yac ce sai ranar Juma'a. Juma'o'i sunka yi ta wucewa, kunyar bappa ta hana shi.

Zuma kuwa ta zo. Da hantsi shingen nan sai gunji, lalle na ƙamshi har bakin hanya. Kankana tak kama, manya, har masu mota sun fara tsayawa suna tambaya. A nan ne 'ya'yan Ƙasimu sunka buɗe ido. Lukman, babbansu, yaz zagaya iyakar yana taɓa itatuwan da ƙafa, bai ko yi sallama ba. Yak koma yac ce wa tsohon, yau icce, gobe in ka faɗi sai a ce gado.

Ƙasimu ba mugu ba ne, amma ya tsufa, kuma da 'ya'yanshi yake kwana yake tashi. Yak kira Iliyasu zaure. Iliyasu yad durƙusa, yar rantse don zuma yay yi, yac ce yanzu zai ɗauki gatari ya sare duka.

"Ba sai ka sare ba," in ji Ƙasimu, yana kallon tabarma. "Ka cire kankanarka. Bana yara za su noma wurin."

Ya cire. Ita ce kankana mafi kyau da anka gani a yankin, kuma ko yanka ɗaya bai iya ci ba. Lukman bai taɓa shingen ba, tunda ba ya cin ruwa ba ya cin taki, shi yake mora yanzu.

Iliyasu yat tattara iyali zuwa Goronyo, wurin dangin matarshi, yana ƙodago a gonakin albasa da idon nan nashi. Ranar tafiya yab biyo ta ƙofata, da ƙullin irin ɗoɗɗoya a aljihu. Yac ce bai san ma inda zai zuba shi ba.

Nic ce, "Nemi tsohuwar tukunya ka shuka a ciki. In an sake cewa ka tashi, sai ka ɗauki abarka a kai."